Gilashi na biyu: wa ke biya idan na yaro ya karye?

Gilashin farko ba ya rasa mai saye. Ranar da likita ya ce yaro ba zai ga allo ba sai da gilashi, hankalin kowa tashi yake yi. Uba ya auni gero ya kai kasuwa, kawun da ke birni ya turo wani abu ta waya, ko a yi sa'a wata ƙungiya ta zo makaranta ta gwada idon yara ta raba kyauta, a yi hotuna, a watse. Kafin zangon karatu ya ƙare sai hannun gilashin ya ɓalle a filin ƙwallo, ko ƙani ya taka shi a kan tabarma, ko ya zame ya faɗa rijiya wajen jan guga. Daga nan shiru. Kawu ya riga ya yi tasa, ƙungiya ta koma inda ta fito, uba kuwa a lissafinsa ya gama da maganar ido tun ranar da ya biya kuɗi. Yaro ya koma gidan jiya, yana ƙanƙance ido yana kwafa daga littafin na kusa da shi, har da kuskuren da wancan ya yi.

Mun ɗauka gilashi warkar da ido yake yi, a sa shi na ɗan lokaci a huta. Ba ya warkarwa. Aikinsa daidaita hasken da ke shiga ido muddin yana kan fuska, da an cire shi gani ya koma yadda yake. Yaron da aka rubuta wa gilashi yana aji uku na firamare yana da shekara 9 a gabansa kafin ya zana jarrabawar fita daga sakandare, kuma babu gilashi ɗaya da zai raka shi wannan tafiya. Saboda haka tambayar da ya kamata uba ya yi wa kansa a bakin shago ita ce nawa idon yaron nan zai riƙa ci a shekara. Wanda ya tsaya a kan farashin yau kaɗai, watan da abin ya karye zai same shi ba shiri.

Idan ana maganar gilashi na biyu, abubuwa uku ake cakuɗawa, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai madadin wanda ya karye ko ya ɓata, wannan ba ya sallama, ranar da ya ga dama yake zuwa. Akwai sabon gilashi saboda lambar ido, wato ƙarfin gilashin da awo ya nuna, ta canza ko fuska ta girma ta fi ƙarfin firam. Wannan an san da zuwansa, domin yaron da ba ya ganin nesa yawanci lambarsa ƙaruwa take yi a shekarun makaranta, ba ta tsayawa sai wajen ƙarshen samartaka, shi ya sa masu awon ido ke cewa a dawo da shi duk shekara. Sai na ko-ta-kwana, wanda ake yi tare da na farko a ajiye. Biyun farko dole ne ga kowane yaro mai gilashi. Na ukun shi ne abin tattaunawa, kuma zan zo kansa.

Abin da ake biya a gaskiya

Mutumin Doguwa ko na Birniwa ba farashin gilashi kaɗai yake biya ba. Wuraren da ake auna ido da kyau kuma a yanka gilashi sun taru ne a birni. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, da asibitin ido na Makka, da sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, ga shagunan masu zaman kansu. A Jigawa sai an nufi manyan garuruwa irin su Dutse. Kenan kafin a taɓa maganar firam, an riga an biya kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, da na babur daga ƙauye zuwa bakin titi, da na kati, da abincin hanya, an kuma bar aikin gona ko na kasuwa na yini guda. Yaro ƙarami sau da yawa sai an ɗiga masa maganin da ke sassauta tsokar cikin ido kafin a samu lambarsa ta gaskiya, domin idon yaro yana da ƙarfin matsawa ya ɓoye matsalarsa a gaban na'ura. Maganin yakan bar shi da dishi-dishi na yini ɗaya ko fiye, wani lokaci a ce a dawo wata rana a ƙarasa. Idan lambar mai ƙarfi ce ko mai sarƙaƙiya, ba lallai a samu kwalbarta, wato ɓangaren gilashin da ake gani ta cikinsa, a shago ba, sai an yi oda, a sake dawowa karɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, a wurin ɗan ƙauye mai nisa kuɗin waɗannan tafiye-tafiye na iya yin kunnen doki da kuɗin gilashin kansa.

Shi kuma gilashin kayan waje ne. Firam da kwalba, wadda a yanzu yawanci ta roba ce, galibi daga ƙasar Sin ake shigo da su. Garin Danyang kaɗai yana fitar da kaso mai yawa na kwalaben gilashin da duniya ke sawa. Abin da ake yi a nan shi ne yanka da haɗawa. To dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Uban da ya sayi gilashi kafin wannan lokaci ya dawo bayansa da tsohon farashi a kansa zai ɗauka mai shago ne ya yi masa ƙwange, alhali shi ma da dala ya saro.

Daga wannan lissafi abu ɗaya ya fito fili. Duk dabarar da ke rage yawan zuwa birni ta fi neman ragin ɗari biyar a kan firam amfani. Kuma babbar dabarar wata 'yar takarda ce da yawancinmu ke wulaƙantawa.

Na taɓa zama a benci a wani shagon haɗa gilashi sai ga wani dattijo da jikarsa, 'yar kamar shekara goma, ta yafa hijabin makaranta. Ya zaro gilashi daga aljihun gaba, an ɗaure hannu ɗaya da baƙin zaren kitso, kwalba ɗaya ta tsage gida biyu.

"Likita, ga 'yar taka ta sake."

"Sannu Baba. Ina takardar da aka ba ku?"

"Wace takarda kuma?"

"Mai lambobin nan, ta ranar da aka gwada ta."

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce yana jin tana cikin littattafan da ruwa ya ci da damina. Mai shagon bai ce komai ba. Ya karɓi gilashin ya ɗora kwalba mai lafiyar a kan wata 'yar na'ura ya leƙa, ya rubuta, ya ɗauki ɓallin ɗayar ya yi mata haka nan. Ya tambayi yaushe aka yi gwajin, aka ce bayan ƙaramar salla, ya ƙirga da yatsu ya ce ba ta kai shekara ba, za a iya maimaita lambar. "Allah ya taimake ku ba ku zubar da shi ba, Baba. Da sai an sake awo daga farko."

Karyayyen gilashi ba shara ba ne, lambar tana jikin kwalbar kuma ana iya karanta ta. Amma takarda ta fi shi. A jikinta za a ga R ko OD, wato idon dama, da L ko OS na hagu. Ƙarƙashin SPH akwai ƙarfin gilashin: alamar ragi ta wanda ba ya ganin nesa ce, alamar ƙari ta wanda idonsa ke wahala wajen daidaita gani, musamman na kusa, kuma lambobin suna hawa ne da 0.25. CYL da AXIS na wanda gaban idonsa bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba. AXIS kusurwa ce tsakanin 0 da 180, idan aka kuskure ta yaro zai ga abubuwa a karkace, kansa ya yi ciwo. Sai PD, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanun biyu a ma'aunin milimita, wadda da ita ake sanin inda tsakiyar kowace kwalba za ta zauna. Wannan ta ƙarshe sau da yawa ba a rubuta ta sai an roƙa. A roƙa. Wanda ya biya kuɗin awo yana da ikon tafiya da sakamakonsa, kuma wurin da ya ce ba ya ba da takarda sai dai a yi gilashin a wurinsa ya nuna maka irin cinikin da yake yi. Da an karɓa a ɗauke ta hoto da waya, a tura wa wani ɗan uwa, a rubuta sunan firam da lambobin da ke jikin hannunsa ta ciki. Da wannan hoton, ɗan uwan da ke Kano zai iya sa a yanka madadi a ba direban garinku a tasha, ba tare da yaro ya rasa darasi ko uba ya bar gona ba.

Sai dai takarda tana tsufa. Idan ta haura shekara, ko yaro ya fara cewa allo ya koma hazo, ko ya fara matsowa gaba duk da gilashin na fuskarsa, maimaita tsohuwar lamba asarar kuɗi ce.

Wane yaro ne ke buƙatar na ko-ta-kwana?

Direban da ke yawo cikin gari zai iya yin kasadar fita ba safaya, domin ko'ina ya tsaya akwai mai faci. Wanda ke bin hanyar daji da dare ba ya yin wannan ganganci. Haka lissafin yake a nan: a duba yadda yaro zai kasance idan babu gilashi, a kuma duba tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a samu wani.

Akwai yaran da mako biyu ba gilashi hasara ce da ba lallai ta dawo ba. Ido ba ya gama koyon gani sai wajen shekara 7 zuwa 8. Idan ido ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, ƙwaƙwalwa takan riƙe mai kyaun ta yi watsi da ɗayan, idan kuma aka wuce waɗannan shekaru a haka, gyaran yana wuya ƙwarai, ko da an sa gilashin da ya dace daga baya. Yaron da ake yi wa wannan jinya, wanda wani lokaci ake rufe masa ido mai lafiyar na wasu sa'o'i don a tilasta wa ragon aiki, gilashinsa shi ne maganinsa. Haka mai harara-garken da gilashi ke miƙe masa ido, da an cire idon ya koma ciki. Haka yaron da aka yi wa aikin yanar ido yana jariri aka ba shi gilashi mai kauri, wanda in babu shi ko fuskar uwarsa ba zai tantance da kyau ba. Haka mai lamba mai ƙarfi, irin su ragi 5 ko 6 zuwa sama, wanda tsallaka titi ma hatsari ne gare shi. Yara zabiya da yawa suna cikin wannan rukuni. Akwai kuma yaron da ido ɗaya kaɗai yake gani da shi, wanda gilashi ke zame wa garkuwa daga tsinke da tsakuwa. Waɗannan, a ganina, ranar da aka yi na farko ya kamata a yi na biyu, ko da za a ci bashi. Zan ƙara da 'yan makarantar kwana, domin yarinyar da gilashinta ya karye a mako na biyu na zango, sai ranar ziyara ko hutu labari zai iso gida.

Amma yaron da lambarsa ba ta wuce ragi 1 ba, ɗan shekara 13, wanda in an matso da shi layin gaba zai lallaɓa, ban ga dalilin da uba mai hannu baka hannu ƙwarya zai yi masa biyu ba. Kafin a buƙaci na ajiyar wataƙila lambar ta canza, kuɗin sun tafi a banza. Shi abin da ya fi masa shi ne a adana takarda, a tanadi kuɗin madadi, idan kuma aka yi sabo baɗi a ajiye tsohon. Gilashin bara ba zai ba shi gani tangaran ba, amma zai riƙe shi kwana goma kafin saƙo ya iso. Masu shago ba kasafai suke faɗin wannan bambanci ba, wani don yana son ciniki, wani don ba a tambaye shi ba. A tambayi wanda ya yi awon kai tsaye: idan wannan ya karye, yaron nan zai iya jira, ko ba zai iya ba?

Inda kuɗi ke zurarewa

Idan aka zo zaɓe, nan ake yi wa iyaye kwalliya da baki. Za a ce akwai mai tare shuɗin hasken waya, akwai mai rikiɗa ya yi duhu a rana, akwai mai hana ƙyalli. Kowanne da ƙarin kuɗinsa, kuma uba yana jin kunyar a ga kamar ya yi wa ɗansa rowa. Game da mai tare shuɗin haske, a 2023 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su, ta fitar da bitar da ba ta samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Balle yaron da ko wayar ba shi da ita. Mai duhu a rana yana da amfani ga zabiya da wanda haske ke damu, ga sauran kuwa ado ne. Idan kuɗin hannu za su sayi ɗaya mai duk waɗannan ko biyu marasa komai, ni biyun zan ɗauka.

Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ƙarfi. Kwalbar gilashi ta ainihi, mai fashewa, ba ta dace da fuskar yaro ba sam. Roba ta yau da kullum ta wadatar ga yawancin yara. Akwai wata mai suna polikabonet da ta fi jure bugu, ta fi tsada, kuma ita ake so ga mai ido ɗaya. Firam kuwa a nemi na roba mai lanƙwasa, wanda ya zauna daram a kan karan hanci. Mu da muka saba saya wa yaro riga da takalmi da ɗan girma don ya daɗe yana sawa, a nan wannan dabara cutarwa take yi: firam mai girma zamewa yake, yaro ya riƙa leƙe ta samansa, tsakiyar kwalba ta bar saitin ido, ƙarshe ya faɗi ya karye. Igiya ko robar da ke zagaya ƙeya ba ta da tsada, kuma ita ke hana yawancin faɗuwa. Ga 'yan mata, hijabi mai matse fuska yana tura hannun gilashi yana buɗe shi a hankali, gara a gwada firam ɗin da hijabin makaranta a jiki.

Idan za a yi biyu, a yi su firam iri ɗaya, girma ɗaya. Ana yanka kwalba ne daidai da siffar firam ɗinta, ba ta shiga wani daban sai an sake yanka, wani lokaci ma ba ta yiwuwa. Amma idan iri ɗaya ne, ranar da hannun wannan ya karye kwalbar wancan ta tsage, sai a haɗa lafiyayye ɗaya daga cikin biyun.

Ba kowace karaya ce ke kai wa ga sabon saye ba. Ɗan notin da ke riƙe hannu idan ya kwance, mai gyaran agogo ko na waya a kasuwar ƙauye zai ɗaure shi. Abin da za a guje wa shi ne sufa gulu kusa da kwalba, yana barin farin tabo da ba ya fita. Kuma abin da ya fi kashe gilashi a ƙasarmu ba ya ƙara: ƙurar hunturu ce ta kwanta a kai, yaro ya goge da bakin riga, yau da gobe kwalbar ta yi zane-zane har ta dushe. A fara zuba ruwa ya wanke ƙurar, a sa ɗan sabulu, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. Da dare ya kwana a gidansa, a wuri ɗaya da kowa ya sani, sama da inda hannun ƙanne ke kaiwa.

Akwai wata hanyar araha da ke jan mutane, ita ce ta mai tallan tabarau a faranti ranar kasuwa, ko a Wudil ranar Juma'a ko a Maigatari ranar Alhamis. Abin da ke farantinsa, ban da na rana da na gayu, gilashin karatu ne na manya, mai alamar ƙari, wanda aka yi don ɗan shekara 40 zuwa sama da ya fara nisanta takarda da fuskarsa. Ga dattijo yana da amfani. Yaron da ba ya ganin allo kuwa akasin wannan yake buƙata, idan aka sa masa sai abin ya ƙara dagulewa. Haka ɗaukar na yaya a ba ƙani. Akwai dai gilashin yara da ake yi tun daga masana'anta da lamba ɗaya a ido biyu, kuma gwaje-gwajen da aka yi a makarantun Sin da Indiya sun nuna yana yi wa yara da yawa aiki, matuƙar idanun biyu sun yi kusa a lamba kuma babu CYL mai yawa. Amma mai awo ne zai ce wannan yaron ya dace da shi. Idan ya ce ya dace, to an samu na ko-ta-kwana mai sauƙin kuɗi.

Wani abu da ba a sa shi a lissafi ba shi ne duka. Yaron da aka zane don ya karya gilashi, abin da ya koya shi ne kada ya ƙara sa shi inda zai karye, wato ko'ina. Sai ya bar shi a jaka, ko ya karye ya ɓoye har wata guda. Wata uwar kuma, don tsoron asara, sai ta kulle shi a kwalla ta ce sai ranar jarrabawa. Ga tsokanar 'yan aji masu kiran sa mai ido huɗu, ga masu cewa gilashi yana ƙara kashe ido, abin da ba gaskiya ba ne. Lambar tana hawa ne don idon yana girma, da gilashi ko babu. Gilashin da ya shekara biyu fes ba ko ƙwarzane a hannun ɗan shekara takwas, a bincika, da wuya in ana sa shi.

To wa zai biya?

A Ingila, hukumar lafiyarsu ta NHS tana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 takardar tallafin gyara ko sauya gilashi idan ya karye ko ya ɓata. Na ajiya kuwa ko a can ba a bayar da shi haka kawai, sai an nuna larura ta musamman an nemi izini. Wato har ƙasa mai kuɗi ta raba madadi da na ko-ta-kwana, ta ɗauki na farko a matsayin abin da ba makawa.

A nan gida akwai dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022, akwai hukumomin inshorar lafiya na jiha, KSCHMA a Kano da JICHMA a Jigawa, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake sa marasa ƙarfi a ciki ta asibitocin mazaɓu. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ake cirar masa kuɗi duk wata, da wanda aka yi wa rajista kyauta, kada su tsaya zato. Su je teburin inshora su yi tambaya dalla-dalla: awon ido yana ciki? Gilashi fa, har nawa? Sau nawa a shekara? Idan ya karye kafin lokacin fa? Ko awon kaɗai aka ɗauke wa mutum, an rage masa kaya. Sai dai mafi yawan manoma ba sa cikin kowane tsari, aljihunsu ne inshorarsu.

Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci. Sabuwar shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi a taki da noma, amfanin gona bai gama isowa gida ba. Wanda ya bar awon shekara zuwa wannan lokaci zai yi ta ɗagawa. Hutun ƙarshen zangon farko, bayan kaka, shi ne lokacin da manomi ke da abin taɓawa, nan ya kamata a tsayar da awon kowace shekara. Kuɗin madadi kuwa a haɗa abin da aka kashe a na baya har da mota, a ƙara wani abu saboda tashin kaya, a raba shi gida 52. Abin da ya fito shi ne zubin mako, ko a asusu ko a adashin uwar gida. Wata uwar 'yar akuya take warewa ta ce ta idon wance ce, kuma wannan ya fi kuɗi a hannu jure tashin farashi.

Masu rabon kyauta su ma akwai magana a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin SPECS 2030 a watan Mayun 2024, da burin ƙara maki 40 cikin 100 a kan yawan masu buƙatar gilashi da suka samu wanda ya yi musu aiki. Ma'aunin nan mutanen da ke gani da kyau a ranar da aka zo dubawa yake ƙirgawa, gilashin da aka raba bara ya karye ba ya shiga. A ƙasar Sin, wani gwaji da aka buga a 2014, wanda ya shafi makarantun firamare 252 na karkara, ya samu cewa kashi 15 cikin 100 ne kawai na yaran da ke buƙatar gilashi suke da shi, kuma waɗanda aka ba kyauta sakamakonsu na lissafi ya ɗaga. Kyautar tana aiki kenan, matuƙar tana kan fuska. Ɗan siyasa ko ƙungiyar da ta zo da gilashi 500 ta rabar a yini ɗaya, da ta raba 400 ta ajiye kuɗin sauran don gyara da madadi, da ta fi yawan yara masu gani a ƙarshen shekara. Sai dai madadi ba a yi masa taro, ba a kiran 'yan jarida, shi ya sa ba ya samun mai so. Kwamitocin zakka na masarautun Jigawa da Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, da attajiran gari masu neman inda za su sa sadaka, ga wata ƙofa da ba ta cin kuɗi da yawa.

Abin da makaranta za ta iya yi ba ya jiran kowa. Hedimasta ya buɗe littafi ɗaya: sunan duk yaro mai gilashi, ranar awonsa, kwafin lambarsa, irin firam ɗinsa, lambar wayar uba. Malamin aji ya san su, ranar da ya ga ɗaya ba gilashi ya tambaya, ya dawo da shi layin gaba kafin a samu mafita. Kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye su ware wani ɗan kaso da za a riƙa ranta wa uba ya biya da kaka. Idan buƙata ta taru ta yara uku ko huɗu, a yi magana da mai haɗa gilashi guda ɗaya mai rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, a tura masa hotunan takardun, a nemi ragin sari, ya ba direba saƙo. Banda masu lamba mai ƙarfi da ƙananan da ake yi wa jinyar ido: su sai an je da su an daidaita firam a fuskarsu, don kuskuren milimita kaɗan yana ɓata musu gani, kuma kuɗin motarsu ya kamata a sa shi cikin asusun tun ranar da aka buɗe shi.